Tsintuwa a Gonar Tsohuwa

Wata huɗu ke nan da dawowata, amma har yau in na zauna a gindin dalbejiyar ofis sai wani ya ce, "Garba, ba mu labarin Amurka." Na ba ku na dogayen gidaje, na ba ku na matakalar da ke tafiya da kanta, kun yi dariya kun watse. Malam Idi ya fi kowa naci, shi dai a gaya masa ko da gaske ne ana zubar da talabijin a bola. Da gaske ne, Malam Idi, ka huta. Akwai dai labari ɗaya da nake ta kewayewa, don in na tuna shi abinci ba ya yi min daɗi. Yau zan rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takardar ya karanta da kansa.

Kun san ma'aikata ce ta tura ni kwas na sati shida kan adana iri, a wata cibiyar binciken noma da ke Beltsville, kusa da Washington. Bayan damina ne, a shekarar nan da aka canza kuɗi muna kwana a layin banki. Ni kwas ɗin bai dame ni ba. Abin da ya sa na ƙagu shi ne Bulus. Shekara biyar muna gado ɗaya a sakandare a Zariya, shi a sama ni a ƙasa. Kirista ne, amma shi ke tashina sahur, in na ƙi ya zuba min ruwa a kunne. Ya tafi karatu Amurka, ya zama nas a wani asibiti, kuma shekara goma sha ɗaya ban sa shi a idona ba.

Kafin in tashi sai da na je ƙauyensu bayan Kafanchan na gaida mahaifiyarsa. Ta tsufa ƙwarai. Ta ƙulla min acca mudu biyu da daddawa a leda uku, ta ce, "Ɗana, ka kai masa, ka ce ni na daka da hannuna." Ni kuma na ƙara da kilishi daga Kano.

Ko ɗaya bai kai hannunsa ba. Mun tashi daga Kano, muka yi awa bakwai a Landan a kan kujerar roba, ga sanyi, ga shayin da na saya ba suga ba daɗi. Muna sauka a Washington wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Wata ma'aikaciyar kwastan ta sa safar hannu ta kwance ledar daddawa. Wallahi sai da ta ja da baya taku biyu. Ta ce mene ne wannan, na ce kayan miya ne. Ta ce ya lalace. Na ce haka yake, lafiyarsa ƙalau. Ta jefa shi a wani bokiti, ta bi shi da kilishin, sannan ta ɗebi accar a tafin hannu ta ce wannan iri ne, ba a shiga da iri. Ni da na zo karatun iri, ga shi an kama ni da iri! Na roƙe ta, na ce wata tsohuwa ce ta daka wa ɗanta. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, tana murmushi, ta rufe bokitin.

Bulus na tsaye a waje. Da ƙyar na gane shi. Ya yi ƙiba, kansa ya yi furfura, kafaɗunsa sun sauko. Ya rungume ni ya ce, "Bazazzage! Har yanzu kana nan kamar tsinken tsire?" Na ce, "Kai kuma wa ya hura ka?" Muka yi dariya har hawaye. Da na gaya masa zancen accar sai ya ce ba komai, ya ɗauki jakata.

Masaukina a Beltsville ɗaki ne a gidan wata mata mai kyanwa huɗu. Ba ta da mugunta, amma komai da takarda. A jikin firji takarda, a banɗaki takarda, kada a jiƙa ƙasa. To ni da alwala yaya zan yi? Sai da na nemi galan ɗin madara na mayar da shi buta, ina gamawa in durƙusa in goge ƙasa da tsumma. Abinci kuwa, Allah ya kyauta. Ganye dafaffe ba gishiri ba yaji, da burodin da aka tsaga aka cusa masa nama mai sanyi, ni kuma ina tsoron naman alade, don haka ƙwai da ayaba suka riƙe ni. Ran farko na ga maƙwabci yana share ganye a ƙofar gida, na je na gaishe shi, na tambayi iyali da gajiya. Mutumin ya tsaya da tsintsiya a hannu yana jiran in faɗi abin da nake sayarwa.

Duk Juma'a da yamma Bulus ke zuwa ya ɗauke ni zuwa gidansa a Woodbridge, ta babbar hanyar nan mai lamba casa'in da biyar. Ku da kuke zagin gosulon Kaduna, ku yi shiru. Motoci layi huɗu, ba mai oda, ba mai talla, kowa a cikin gilashinsa shi kaɗai yana kallon gaba. Gidan Bulus ɗaki uku ne, da kafet har banɗaki, amma shi ɗaya ne a ciki. Ya auri wata Ba'amurkiya, zama bai yi ba, ta tafi da 'yarsu wata jiha mai nisa. Akwai 'yan ƙasarmu a Gaithersburg da suke haɗuwa bayan coci, ya ce tun rabuwar ya daina zuwa, don ya gaji da a yi masa jaje a gaba a yi gulmarsa a baya. Ya tuƙa mana tuwo da wani garin alkama na kwali, ya yi miyar alayyafo da man gyaɗar da suke shafa wa burodi. Muka ci da hannu. Tun da na shiga gidan ban ji waya ta yi ƙara ba, ban ji an ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Sai da asubar Asabar na ji oda sau biyu a waje. Na fito na ga Bulus ya riga ya shirya, ya sa takalmin roba da wata tsohuwar rigar sanyi, yana fito, fuskarsa kamar ba shi ba.

Ya ce, "Tashi, Bazazzage, yau za ka ga mutanena."

Mutanen nasa su biyu ne, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Wolta, Bature ne dattijo, ya yi ritaya daga gidan waya, mai yawan magana da tari. Sai Firank, makanike, wanda in ya yi magana uku a yini ya yi surutu. Bulus ya san Wolta ne a asibiti, lokacin da aka kwantar da shi da ciwon zuciya yana jinyarsa. Tun daga nan, shekara huɗu, duk Asabar ɗin duniya suna tare, in dai ƙasa ba ta daskare ba.

Aikin nasu shi ne neman ƙarfe a ƙasa. Kowa da injinsa: sanda ce mai faifai a ƙasa kamar murfin tukunya, da waya zuwa abin da ake sawa a kunne. Kana tafiya kana kaɗa faifan a kan ƙasa dama da hagu, in ya wuce ta kan ƙarfe sai ya yi maka kuka a kunne, ka durƙusa ka tona. Na ce, "To zinariya kuke nema?" Suka yi dariya. Bulus ya yi min bayani cewa a jihar nan ta Virginia aka yi yaƙin basasarsu, sama da shekara ɗari da suka wuce, Kudu da Arewa, a kan maganar bayi. Sojoji sun yi sansani a gonakin nan, sun zubar da harsasai da maɓallan riga da kan bel. Su suke nema.

Na ce, "Wato manyan mutane da gemu, ku bar barcin safe ku zo tonon bola."

Bulus ya ce, "Kai dai bari ka ji kukan farko."

Sama da awa ɗaya muka yi muna tafiya kudu, har gidaje suka ƙare. Gonar ta wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu. An girbe masara, sai kututture da taɓo, ga hazo mai sanyi da ke shiga ƙashi. Gidanta na katako ne, fari, a kan ɗan tudu. Shekara tara da suka wuce Wolta ya samu izini daga hannun mijin, ita kuma ta bar su suka ci gaba. A hanya Bulus ya karanta min dokoki da Hausa. Duk ramin da ka tona ka cike shi. Ka rufe ƙyaure don shanu. Kada ka tsallaka wayar shinge, don bayanta filin gwamnati ne, in aka kama ka da inji a can sai kotu. Sannan ya rage murya duk da ba mai jin Hausa a motar, ya ce, "Garba, ni kaɗai ba zan iya zuwa nan ba. Baƙin mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar manomi a wannan dajin ya ce zai tona masa gona? Ai sai a kira masa 'yan sanda, in an yi sa'a. Albarkacin Wolta nake shiga. Mutanen nan biyu su ne abokaina a ƙasar nan, ba na uku. Don Allah ka bi a hankali."

Na ce, "Haba, ni yaro ne?"

Asabar ta farko ƙusa na yi ta tonowa, da murfin kwalba, da wani guntun garma. Gwiwoyina suka jiƙe, yatsuna suka ƙage. Can Firank ya kira ni da hannu, ya sa min wani abu fari a tafi, mai nauyi, kamar ƙwallon dabino. Harsashi ne na dalma, tsufa ya sa ya yi fari. Wolta ya ce wanda yake mulmulalle faɗuwa ya yi daga jakar soja, wanda bakinsa ya baje kuwa ya samu wani abu. Nawa ya baje. Su suna murna, ni kuwa sai na tuna gida. Kun san wana, Yaya Sule, ya tafi yaƙin basasarmu bai dawo ba, ba gawa ba kabari, Inna ta rasu tana cewa a bar masa tuwo. Mu ko zancen ba ma son yi. Manomi in ya ci karo da harsashi a gona jifa yake yi da shi cikin daji. Su kuwa wankewa suke da buroshin haƙori su jera a akwati.

Akwatunan ma na gan su, don da yamma Wolta ya kai mu gidansa, ya sauka da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Tabɗi! Bango huɗu duk akwatunan gilashi. Maɓallai ɗaruruwa, kan bel na tagulla masu haruffa, kuɗin azurfa, guntun takobi, cokula, har da agogon aljihu. Kowane da 'yar takardarsa, kuma yawancinsu sunan gonar tsohuwar nan ne a jiki. Firank ya buɗe giya, aka ba ni lemo. Na ga Bulus yana gardama da Wolta a kan wani maɓalli, yana ɗaga murya, yana dukan tebur, yadda na san shi a makaranta. Na ji daɗi har raina, na ce ashe dai yana da inda yake dariya.

Asabar ta huɗu abin ya faru. Ina can ƙarshen gonar kusa da wani rafi, injin aron da ke hannuna ya yi wani kuka mai taushi da ban taɓa ji ba. Na tona kamar taƙi ɗaya, na murje ƙasa, sai ga zobe. Zinariya, ko tsatsa babu, kamar jiya aka cire shi daga yatsa. A cikinsa an zana haruffa biyu da wata 'yar kalma. Na kira su. Wolta ya zo da gudu yana tari, ya sa tabarau, ya ce zoben aure ne, kuma tun zamanin yaƙin ne, shi shekara ashirin yana nema bai samu irinsa ba. Firank ya buga min kafaɗa. Wolta ya danƙa min a hannu ya naɗe yatsuna a kai ya ce, "Naka ne. Sa a aljihu."

Na sa, amma ya tsaya min a rai. Harsashi ba na kowa ba ne. Zobe kuwa na wani ne, wata ce ta sa masa, kuma wataƙila ta yi ta jira. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, abin tsintuwa cigiya ake yi. Ko sule ka tsinta a kasuwa sai ka ɗaga ka ce na wane ne. Ina yaro na tsinci wuƙar aski a hanyar rafi na ɓoye, Baba ya sa na zaga unguwa gida gida da ita. To ga shi a gonar mutum na tsinta, mai gonar kuma tana zaune ga gidanta can ina hango hayaƙi. A wurina babu ma abin tunani.

Azahar ta yi, ruwan galan ɗina ya ƙare. Su sun koma tono, kowa da abin kunnensa, ba mai jin kowa. Na hau tudun na nufi gidan. Dama abin yana damuna, sati huɗu muna shiga gonar dattijuwa, daga nesa kawai ake ɗaga mata hannu. Na tarar da ita a baranda da bargo a gwiwa, 'yar ƙarama, gashinta fari fat. Na cire hula, na rusuna, na gaishe ta, na ce mata Mama. Ta yi dariya ta ce rabon da a kira ta haka tun ɗanta na raye. Ta cika min galan a famfo, ta tsaya tana kallona ina alwala, ta ce ruwan bai yi sanyi ba? Na yi sallata a gefen baranda. Da na idar ta kawo min kofi mai zafi da wani biskit da ta gasa.

Sai na ciro zoben na ce, "Mama, wannan na tsinta a gonarki wajen rafi. Ko kin san mai shi, ko danginsa?"

Ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana juya shi. Ta ce ba ta san haruffan ba, kakannin mijinta ba su da mai irin wannan suna. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "A gonata ka ce?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ta ce, "Shekara tara Wolta yana ce min ƙusa da harsashi kawai suke samu. Duk Kirsimeti yana kawo min harsasai uku a kwalba. Me kuma suke samu?"

A nan ne na yi wautar. Babba ya yi maka tambaya, kai kuma ka sha kofinsa, me za ka yi? Kuma wallahi a zatona daɗi za ta ji, ta san gonarta tana da tarihi. Na saki baki. Na ba ta labarin akwatunan gilashi, da kan bel, da kuɗin azurfa, da agogon, har da cewa sunan gonarta ne a rubuce a jiki. Ina yi ina yabon Wolta, ina cewa ya iya adana kaya. Sai da na ga fuskarta ta canza na tsaya.

Ta ce, "Mijina ya yi shekara biyu a kwance kafin ya mutu. Ba abin da yake so kamar labarin yaƙin nan. Duk Asabar sai ya sa na tura kujerarsa bakin taga, in sun gama ya tambaye su me aka samu. Su ce ƙusa." Ta ajiye zoben a kan tebur. "Ba kuɗinsu nake so ba. Da sun nuna masa kawai." Ta ce in kira mata Wolta.

Na sauko daga tudun. Na taɓa kafaɗar Bulus, ya cire abin kunne, na gaya masa da Hausa. Ya zauna a ƙasa a cikin taɓon, ya dafe kai da hannu biyu.

Wolta ya hau shi kaɗai. Ba mu ji abin da aka ce ba, ba a ɗaga murya ba, minti biyar ma ba a yi ba. Ya dawo fuskarsa ja, ya ce a kwashe kaya. Ashe tsohuwar ta ce kada ta ƙara ganin motarsa, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta biyu da su ma suke barinsa ya shiga gonakinsu. Na fara ba shi haƙuri, ina bayanin yadda muke yi a gida. Ko kallona bai yi ba. Sai ya kalli Bulus, ya ce masa, "Kai ka kawo shi." Daga nan har Woodbridge ba wanda ya yi tari, har shi Wolta mai tarin.

A gida na zata Bulus zai zage ni, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya wanke injinsa, ya goge, ya jingine a bayan ƙofa. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba? Ka karanta min dokar rami da ta ƙyaure, wannan fa?" Ya ce, "Wa yake faɗar wannan? Kowa ya sani." Na ce ni ban sani ba. Raina ya ɓaci, na ce ai su ne marasa gaskiya, sun ci amanar mara lafiya, ni me na yi? Ya ce, "Ba ka yi komai ba, Garba. Ci abinci."

Na ce to mu yi yadda ake yi. Mu nemi wani dattijo da Wolta yake jin nauyinsa, mu tafi gidansa, in durƙusa in ba shi haƙuri, sannan a ɗauke shi a kai wa tsohuwar shi ma ya ba ta haƙuri, a kai mata akwati ɗaya ta gani. A gida ai da an gama wannan kafin la'asar. Bulus ya yi wata dariya mara daɗi ya ce, "Wane dattijo? Nan ba mai jin nauyin kowa. Kuma ba a zuwa gidan mutum sai ya ce ka zo." Duk da haka na matsa sai da ya buga min lambar. Wolta ya ɗauka, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai, ya wuce. Allah ya kiyaye hanya." Na ajiye waya da murna na ce ya haƙura. Bulus ya ce, "A nan in aka ce maka haka, an gama da kai ke nan." Mu in an yi faɗa ana jin mu har bakin titi, gobe a haɗu a wajen suna. Su ba faɗa, ba zagi, sai dai ka ga ba a sake nemanka ba.

Asabar ta biyar na farka na ji motsi a kicin. Bulus ya sa takalmin roba, ya cika fulas da kofi, ya yi burodi na mutum huɗu. Ya ja kujera ya zauna a bakin taga. Shida ta yi, bakwai ta yi. Duk motar da ta wuce sai ya ɗago kai. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Wajen tara ya tashi ya cire takalmin, ya zuba kofin a wajen wanke-wanke, ya kunna talabijin. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Daga baya ya ji a bakin matar Firank cewa sun samu wata gona a wani wajen, su biyu.

Satin ƙarshe na kwas ban san me aka koyar ba. Aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto, ga ni nan a ciki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Bulus ya zo ya kai ni filin jirgi. Ya saya wa mahaifiyarsa bargo da maganin ciwon gwiwa, ya ce in ce mata accar ta yi daɗi. Muna tsaye a layin awon kaya na ce, "Bulus, ka yafe min."

Ya tura jakata gaba a layin. Sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi ci min rai? Shekara huɗu ina ɗaga wa matar nan hannu da kaya a aljihuna, ban taɓa jin komai ba. Kai rabin yini ka yi da zobe ka kasa. Da a shekarar da na zo ne, ni ma abin da zan yi ke nan." Ya share ido da bayan hannu. "Ka yi daidai, Bazazzage. Amma da ka bar min su. Su kaɗai gare ni."

Ya riƙe hannuna, ya ce kuɗin fakin mota na ƙaruwa, ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Na rubuta masa wasiƙa biyu tun da na dawo. Satin da ya wuce amsa ta zo, layi huɗu. Ya ce yana lafiya, sanyi ya yi sauƙi, a gaida iyali. Ya ce yanzu yana aiki ranar Asabar a asibiti, shi ya roƙa a ba shi.